Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Kayan Ado a Bukukuwan Kaka

Gabatarwa

A cikin lokutan shekara da Bahaushe ya sani, wato bazara da damina da kaka da rani, babu wanda ya kai kaka yawan taro da walwala. Daga ƙarshen watan Satumba zuwa watan Nuwamba ruwan sama yakan ɗauke, gero ya shiga rumbu, a cire gyaɗa, a roro wake, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran magirbi. Manomin da ya shafe watanni a duƙe sai ya miƙe, kuɗi ya shigo hannu, hanyoyin da ruwa ya yanke su bushe. A wannan lokaci ne ake ɗaura yawancin auren da aka jingine saboda aikin gona, 'yan dambe da 'yan kokawa su shiga garuruwa, samari da 'yammata su yi kalankuwa. Duk inda aka ce taro kuwa, an ce ado.

Sai dai wanda ya halarci irin waɗannan tarurruka a 'yan shekarun nan zai lura cewa shigar mutane ta koma kusan iri ɗaya. Shadda ɗaya, leshi ɗaya, atamfa ɗaya, sai sarƙa da 'yan kunne na kamfani waɗanda inji ɗaya ya zubo. Idan aka sami wani ya fito da malfar kakansa mai adon fata, ko wata ta rataya murjanin da ta gada, sai a bi su da kallo, wasu su yi murmushi, wasu su ce abin bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan shiga da ake yi wa kallon ta fita daban ta cancanci yabo da ƙarfafawa, matuƙar an yi ta da sani kuma an lura da iyakokinta. Maganar ta wuce kwalliya, domin a cikinta akwai sana'o'in da ke neman mutuwa, da dukiyar gado da ake narkarwa, da kalmomin Hausa da ke ɓacewa tare da abubuwan da suke nufi.

Waɗanne Ne Tsofaffin Kayan Ado?

Abin da ake nufi da kayan ado a nan shi ne ƙananan abubuwan da ake ƙarawa a kan riga da wando ko zane da mayafi domin shiga ta cika. Ta ɓangaren maza akwai malfa, wadda ake saƙawa da kaba a yi mata ado da jar fata da baƙa. Akwai dara, wato jar hular nan mai tuntu, da haɓar kada mai kunnuwa biyu da ake iya saukarwa a rufe kunne. Akwai zabira ta ajiyar kuɗi da ƙananan kaya, da gafaka ta ɗaukar littafi, da kwagiri na dogarawa, da sambatsai da fade na sawa a ƙafa, da zoben azurfa. Daga baya, a zamanin Turawa, agogon aljihu mai sarƙa ya shigo ya sami wurin zama a aljihun 'yar ciki.

Ta ɓangaren mata kuwa akwai murjani da tsakiya na wuya, da warwaro da ƙarau da munduwa da kwandaga na hannu, da jigida ta ƙugu, da tandu na zuba kwalli, da mafici mai ado, da fatala ta ɗaurin kai. Akwai kuma tsofaffin kuɗin ƙarfe da ake hudawa ko a yi musu maɗauri a rataya, kamar liyari da sulallan azurfa. Kuɗin Turawa na farko irin su anini da kwabo ma da hudarsu suka zo, shi ya sa ba su yi wuyar shiga zare ba. Tun da Nijeriya ta koma amfani da naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, sule da fataka da sisi da taro suka bar kasuwa, suka koma cikin adaka da bakin dattawa.

Yana da kyau mai karatu ya gwada kansa da wannan jeri, ya ƙirga abubuwa nawa ya taɓa gani da idonsa, nawa kuma zai iya bambancewa idan aka zube su a gabansa. Ɗalibai da yawa sun san kwandaga da zabira a littafi kawai, suna haddace sunan domin jarrabawa alhali ba su san nauyin abin a hannu ba.

Tarihin da Ake Ratayawa a Wuya

Hujja ta farko ita ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana ɗauke da wani yanki na tarihin ƙasar Hausa da hulɗarta da duniya. A ɗauki liyari alal misali. Kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ta rasu a 1780. Saboda yardar da fatake suka yi da ingancin azurfarsa, aka ci gaba da buga shi shekara da shekaru bayan rasuwarta ba tare da an canza wannan shekara ta 1780 da ke jikinsa ba. Nauyinsa ya kai kimanin giram 28. Ya ratsa Sahara da gabashin Sudan ya iso Barno da ƙasar Hausa, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Matar da ta rataya liyari a wurin biki, tarihin fataucin Sahara ne ta rataya, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Haka abin yake ga sauran kayan. Murjani na asali daga ƙarƙashin tekun Bahar Rum ake ciro shi, ya biyo ayarin raƙuma ta Tarabulus da Agadas. Duwatsun tsakiya da yawa daga Indiya aka sassaƙo su, daga baya kuma wani gari na Jamus mai suna Idar-Oberstein ya shiga sarrafa su musamman domin kasuwannin Afirka. Dara da alkyabba daga Afirka ta Arewa suka zo. Ƙarau da duwatsun gilas kuwa akwai na Benis ta Italiya, akwai kuma na gida, waɗanda Masaga na garin Bida suka shahara da ƙerawa. Dukkan waɗannan kaya a Kasuwar Kurmi suke haɗuwa, kasuwar da aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Ƙasar Hausa kuma ba saye kawai take yi ba. Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suke jemewa dukawa su ɗinka zabira da gafaka da ita, ita ce fataken Sahara suke kaiwa Arewa, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Barth ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, da turkuɗin garin Kura da Buzaye suke naɗawa, shaidu ne na wannan zamani. Saboda haka wanda ya ce zabira kayan ƙauye ce, ya manta cewa irin fatarta ce aka yi wa manyan littattafai bango da ita a Turai.

Me Ya Sa Sai Kaka?

Hujja ta biyu ta shafi yanayi, domin magabata ba su ware kaka a matsayin lokacin fito da kaya masu daraja haka kawai ba. A damina fata takan yi fumfuna, ruwa ya ɓata malfa, baba ya zuba daga rinannen zane ya ɓata na kusa da shi, taɓo kuma ya hana a sa takalmi mai ado. A tsakiyar hunturu kuwa iska takan busar da fata har ta tsattsage, ƙura ta dusashe hasken azurfa. A bazara zafi ba ya barin mutum ya ɗora wani abu mai nauyi a jiki. Kaka ce ta faɗo tsakani, ruwa ya tafi, ƙura ba ta sauko sosai ba.

Bugu da ƙari, yanayin kaka yana sa a buƙaci waɗannan kaya domin amfaninsu. A watan Oktoba rana tana da zafi ƙwarai, kuma yawancin tarukan kaka a fili ake yin su, a dandali ko a ƙofar fada ko a fagen dambe. Babu hular zamani da ta kai malfa inuwa, tun da takan rufe fuska da ƙeya har da kafaɗa. Idan Nuwamba ta shigo, dare yakan fara sanyi, sai haɓar kada da gwado da zanen saƙi su yi ranarsu. Mafici yana korar zafi da ƙuda ba tare da ya nemi wutar lantarki ba. Ke nan wanda ya sa waɗannan kaya a kaka bai saɓa wa hankali ba, ya bi abin da yanayin ƙasarsa ya koya wa na gabansa ne.

Anko da Tsadar Biki

Hujja ta uku ta shafi aljihu. Al'adar anko, wato a fitar da yadi ɗaya kowa ya saya ya ɗinka domin biki, daga maƙwabta Yarbawa aka aro ta, kuma ta zauna daram a biranen Hausa. Tana da amfaninta wajen nuna haɗin kai, amma tana da nauyi. A kaka guda mace za ta iya samun gayyata uku ko huɗu, kowace da nata anko, kowane anko kuma da sarƙa da jaka da takalmin da za su dace da shi. Yawancin waɗannan kaya na roba ne ko ƙarfen da aka shafa wa ruwan zinariya, daga waje ake shigo da su, kuma kafin kakar baɗi sun koɗe. Kuɗin amfanin gonar da aka sha wahalar nomawa sai ya tafi a kan abin da ba ya shekara, wani lokaci ma har da bashi.

Tsohon kayan ado bai san wannan ba. Munduwar azurfa da aka ƙera shekara 70 da suka wuce, idan aka wanke ta da toka da lemon tsami, takan dawo da haskenta. Murjani ba ya koɗewa, tsakiya ba ta tsufa. Abu ɗaya zai yi wa mace biki goma, ta bar wa 'yarta, kuma idan buƙata ta taso yana da darajar da za a iya sayarwa. Dalilin da ya sa matan da suke tara azurfa ke nan, ita ce asusunsu. Har ila yau, a cikin taron da mutum 50 suka sa yadi ɗaya, ƙaramin abu guda na gado shi ne ke bambanta mace da sauran, ba tare da ta karya dokar anko ko ta ɓata wa amarya rai ba.

Akwai kuma masu sana'a. Baduku da maƙerin fari da masaƙin malfa da marini ba za su rayu a kan baƙi 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba, musamman da yake rashin tsaro ya rage zuwan baƙin. Sana'a tana rayuwa ne idan mutanen gida suna saye suna sawa. Ba kowa ne ya gaji murjani ko liyari ba, amma kowa zai iya zuwa wurin baduku ya sa a ɗinka masa zabira irin ta da. Idan samari suka ga manya suna sa malfa a wurin ɗaurin aure, za su nema, idan suka nema kuwa ɗan masaƙi zai ga dalilin zama ya koyi sana'ar gidansu. Idan aka daina nema, tsohon zai mutu da iliminsa, kuma babu littafin da zai mayar da gwanintar hannu.

Abin da Ake Yi a Wasu Ƙasashe

Masu ganin cewa ci gaba shi ne watsi da tsohon abu ya kamata su dubi ƙasashen da ake ɗauka sun ci gaba. A kudancin Ingila akwai wani taro da ake yi kowane watan Satumba a filin tseren motoci na Goodwood tun daga 1998. Ana tsere da tsofaffin motoci, 'yan kallo kuma sukan zo cikin shigar shekarun 1948 zuwa 1966, wato lokacin da filin yake tashe. Mutane sukan tono hulunan kakanninsu da safar hannu da jakunkuna da tabarau na wancan zamani, kuma wanda abinsa ya fi tsufa da asali shi ya fi samun yabo.

A birnin Munik na Jamus kuwa akwai bikin kaka da ya samo asali tun 1810, wanda ake farawa a watan Satumba a ƙare a farkon Oktoba. Mazan yankin Bafariya sukan sa gajeren wandon fata, su maƙala tuntun gashin wata dabbar dutse a hula, su rataya sarƙar azurfa a gaban wando wadda aka jera wa tsofaffin kuɗin ƙarfe da haƙoran namun daji. Irin wannan sarƙa gadonta ake yi daga uba zuwa ɗa. Wanda bai saba ba zai ga abin wani iri, amma masu shi ba sa jin kunya, kuma a ƙasar da ake ƙera Mercedes da BMW ake yin haka. Babu mai cewa a kwaikwayi waɗannan bukukuwa da abin da ake yi a cikinsu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Darasin da ke ciki shi ne ilimin zamani bai hana mutum riƙe kayan kakanninsa ba.

Ko a kusa ma akwai misali. A garin Ingal na Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen damina, Buzaye da Fulani Wodaɓe sukan taru da dabbobinsu, kowa ya fito da azurfarsa da jakar fatarsa da rawaninsa. Hawan sallar Kano kuma, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024, babu abin da ke jawo idon baƙi a cikinsa kamar tsofaffin kayan doki da na mahaya.

Hujjojin Masu Suka

Adalci ne a saurari masu suka, domin wasu daga cikin maganganunsu suna da nauyi. Na farko su ne masu cewa wannan shiga ƙauyanci ce. Amsarsu ta riga ta gabata, tun da yawancin kayan daga manyan kasuwannin birni suka fito, kuma attajirai da matan sarakuna ne suka fara sa su. Abin takaici shi ne wata sabuwar al'ada da ta shigo bukukuwan aure a birane, wadda ake kira ranar ƙauyawa. A wannan rana ake sa tsofaffin kaya a karkace, a ɗiga kwalli a fuska fiye da kima, a riƙa kwaikwayon maganar mutanen karkara ana dariya. Masu yi suna cewa raya al'ada suke yi, amma abin da yaro yake koya a wurin shi ne kayan kakarsa abin ba'a ne, manomin da ya ciyar da shi kuma abin dariya ne. Rana ɗaya ta wasa ba ta raya komai. Abin da ke raya kayan ado shi ne a sa shi da mutunci a ranar da ake sa kaya mafi kyau.

Na biyu su ne masu magana ta fuskar addini, kuma a nan akwai iyakar da ya wajaba a kiyaye. Musulunci ya hana maza sa zinariya, ya halatta musu zoben azurfa. Jigida adon ciki ce, ba ta bainar jama'a ba ce. Laya da kambu da guru kuwa tun asali domin tsari ake ɗaura su, malamai suna da maganganu a kansu, saboda haka bai kamata a cusa su cikin kayan kwalliya ba. Idan aka ware waɗannan, babu abin da ya rage na zargi a kan malfa ko zabira ko murjani.

Na uku su ne masu tsoron a keta alfarmar sarauta, kuma suna da gaskiya. Ba kowane tsohon abu ne na kowa ba. Alkyabba ta sarakuna ce da waɗanda aka naɗa. Rawani mai kunne biyu a Kano na jinin sarauta ne. Takalmin gashin jimina, wanda tarihin Kano ya danganta farkonsa da Rumfa, na Sarki ne. Wanda ya sa ɗaya daga cikin waɗannan ba tare da ya cancanta ba, ya jahilci al'adar da yake cewa yana girmamawa.

Na huɗu ya shafi lafiya da doka. Dutsen kwalli na gargajiya yana ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana, saboda haka tandu ya tsaya a matsayin abin ado, a guji ɗura wa jarirai abin da ke cikinsa. Awarwaron hauren giwa kuma, tun 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe, don haka wanda ya gaji irinsa ya adana, kada ya nemi sabo.

Yadda Ya Kamata a Yi

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da wasu ƙa'idoji. Ta farko ita ce taƙaitawa. Abu ɗaya ko biyu sun isa. Saurayin da ya sa farar shadda mai sauƙin aiki ya ɗora malfa, ko ya rataya zabira, ya yi kyau. Idan ya haɗa malfa da dara da kwagiri da gafaka da agogon aljihu a lokaci ɗaya, ya zama ɗan wasan kwaikwayo. Haka mace, murjani a wuya da warwaro biyu a hannu sun wadatar, sauran shigar kuma ta zama mai natsuwa domin tsohon abin ya fito.

Ta biyu ita ce sanin abin da aka sa. Mai ado ya san sunan abin da inda aka yi shi da wanda ya fara mallakarsa, domin za a tambaye shi, kuma amsar da zai bayar ita ce rabin amfanin sawar. Ta uku ita ce lura da wuri. Malfa ta dace da fili da rana, ba ta dace da cikin zaure ko sahun salla ba. Kwandaga mai nauyi ta dace da yinin biki, ba ta dace da gidan gaisuwar mutuwa ba. Ta huɗu ita ce kula da kayan. Fata tana son a shafa mata ɗan mai kafin hunturu, malfa tana son rataya inda gara da ɓera ba sa kaiwa, zaren murjani kuma a sabunta shi kafin ya tsinke a tsakiyar taro.

Ta biyar, wadda ta fi sauran muhimmanci, ita ce kada a narkar kuma kada a yi gaggawar sayarwa. Azurfa mai yawa ta tafi ta wannan hanya, magada su kai tsohuwar munduwa wurin maƙeri a auna a biya su kuɗin nauyinta, aikin hannun da ke jikinta ya tafi a banza. Wasu kuma dillalai ne ke bi gida gida suna saye da arha su fitar waje, alhali dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Iyalin da ba su da mai sa kayan gadonsu, gara su nemi shawarar gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, ko gidan tarihin ƙasa na Yamai da aka buɗe a 1959, inda har masu sana'ar hannu suke zaune suna aiki a gaban masu ziyara.

Nauyin da Ke Kan Malamin Hausa

Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa yana da rawar da zai taka a wannan al'amari fiye da kowa. Darasin tufafi da kayan ado yana cikin abin da ake koyarwa a fannin al'ada, amma sau da yawa a kan allo yake farawa ya ƙare. Malami zai iya sa kowane yaro ya tambayi kakarsa abu guda da take ajiye da shi, ya rubuto sunansa da labarinsa. Zai iya gayyato baduku ko maƙerin fari ya nuna wa aji yadda ake aiki. Zai iya kai ɗalibai karofi ko rumfar dukawa. Ta haka kalmomi irin su sambatsai da fatala da hamila za su koma abubuwan da aka gani aka taɓa. Kuma malamin da shi kansa yake sa hular hannu ko ya riƙe gafaka ba tare da jin nauyi ba, ya koyar da abin da awa goma na bayani ba za su koyar ba, domin gani ya kori ji.

Kammalawa

Wannan muƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa sa tsofaffin kayan ado a bukukuwan kaka abu ne mai tushe a tarihi, mai dacewa da yanayi, mai sauƙi ga aljihu, mai kuma amfani ga masu sana'ar hannu. Ta kuma nuna iyakokin da addini da sarauta da lafiya da doka suka gindaya. Babu mai kiran a jefar da shadda da atamfa a koma saƙi zalla, domin idan kiɗa ya canza rawa ma takan canza. Abin da ake nema kaɗan ne, wato a buɗe adaka idan kaka ta zo, a zaɓi abu guda, a goge shi, a sa shi a fita taro. Wanda ya yi haka zai sha kallo a karon farko, wataƙila har da dariya. A karo na biyu za a tambaye shi inda ya samu, kuma daga wannan tambaya ce baduku da maƙeri za su sami mai saye, yaro kuma ya ji sunan abin da bai taɓa ji ba.